Bitar magina a cikin ganuwar Ait Ben Haddu: kundin aiki

14 Oktoba 2024

Jiya da la'asar sakaliya na iso. Daga Marrakesh mota ta yi ta hawa da mu tsaunukan Atlas, kwana na bin kwana, har muka ƙetare mashigar Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260, sannan muka gangaro kudu, inda tsanwa take ƙarewa ƙasa ta koma ja. Ait Ben Haddu, a kudancin Maroko, na da nisan kilomita 30 daga garin Warzazat. Na ajiye jaka a sabon gari na fito bakin kogi, sai ga tsohon garin can a tsallake, ya dafe jikin tudu, hasumiya a kan hasumiya, launinsa da na tudun ɗaya. Shekarata ashirin ina cuɗa ƙasa, amma sai da na tsaya cik na daɗe ina kallo.

Abin da ya kawo ni shi ne shirin bita ta kwana goma. Mu huɗu ne muka ɗauki nauyinta, kuma muna so mu haɗa matasan magina da ɗaliban zanen gini, rabi daga nan Maroko, rabi daga Zariya da Kano da Damagaram da Agadas, su yi aikin ƙasa hannu da hannu. Ni aka ɗora wa neman wuri da gwajin ƙasa. A wannan kundi zan riƙa rubuta inda aka kwana, don abokan aikina da kuma masu zuwa.

Irin wannan gari a nan ana ce masa ksar, daga ƙasr ta Larabci, wato gidaje a cure cikin ganuwa ɗaya mai hasumiyoyin tsaro. Da harshen mutanen wurin, Amazigawa, sunansa igrem. A 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shekara 26 ke nan kafin tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. Zango ne na ayarin da ke kai da kawowa tsakanin Marrakesh da ƙasashen kudancin Sahara. Zan gyara wani zato tun yanzu, domin wani daga cikin yaranmu ya riga ya rubuto mini cewa zai zo ya ga inda fataken Kano suka yada zango: hanyar nan ta fi karkata wajen Tambutu, tamu kuwa ta Agadas da Gat da Gadamas take bi ta faɗa Tarabulus. Zumuncinmu da mutanen nan yana cikin ƙasar da muke gini da ita, kuma wannan ma ya isa.

17 Oktoba 2024

Yau na zaga garin da wani dattijon magini. A nan ma'allam suke ce wa gwanin sana'a, ni ma haka nake kiransa. Tashalhit yake ji da Larabcin Maroko, ni kuwa sai Larabcin makarantar zaure, amma da taimakon jikansa da nuni da hannu mun fahimci juna.

Abu na farko da ya sa na dafa shi ne bangon ƙasa-ƙasa. Kauri gare shi sosai, kuma jikinsa duk ƙananan ramuka ne a jere, sahu bayan sahu. Wannan ba tubali ba ne, ƙasa ce aka daɓe a cikin akwatin katako, ramukan kuwa gurbin sandunan da suka riƙe akwatin ne. Sai an hau bene na sama ake komawa ƙananan bulo na laka da aka shanya a rana, saboda sun fi sauƙin nauyi, kuma da su ake fitar da adon nan na kusurwa-kusurwa da ke kan hasumiyoyi. Tushe na dutse ne. Babban gida mai hasumiya huɗu sunansa tigremt: ƙasa dabbobi da kayan abinci, sama mutane, tagogi 'yan tsirara kamar tsagar wuƙa. Hasumiyar tana tsukewa yayin da take hawa, yadda namu bangon yake yi, don dalili ɗaya ne: nauyi ya zauna a gindi.

Ya nuna mini masallaci, da dandali, da masaukin fatake, da masussuka a bayan ganuwa, da maƙabartu biyu, ta Musulmi da ta Yahudawa, da hubbaren waliyyi Sidi Ali u Amar. Masana sun ce gine-ginen da suka fi tsufa a nan ba su wuce ƙarni na 17 ba, ko da yake fasahar ta girme su nesa ba kusa ba. Da jikan ya fassara masa wannan, sai ya shafa bango ya ce, "Ɗana, wannan yaɓen da hannuna na yi shi. Na ƙarƙashinsa na mahaifina ne." Shekarun bango ba su dame shi ba, hannuwan da suka bi ta kansa yake lissafawa.

Sai muka shiga lungunan baya, inda 'yan yawon buɗe ido ba sa bi. Nan zuciyata ta sosu. Iyalai 'yan kaɗan ne suka rage a cikin ganuwa, sauran sun koma sabon gari a tsallaken kogi. Gidan da aka rufe aka tafi kuwa, mutuwarsa iri ɗaya ce ko'ina: indararo ya toshe da ƙura da kashin tsuntsu, ruwa ya kwanta a rufi, ya sami kan bango ya shiga, bakin azara ya ruɓe, rufi ya zauna, daga nan bango ya tsaya tsirara yana narkewa. Ruwan da aka tafka a kudu maso gabashin ƙasar a farkon watan jiya, wanda ya yi mummunar ɓarna a yankin Tata, ya bar sabbin zirara a bangaye da yawa. Na ƙirga gida uku a lungu ɗaya waɗanda da an sami mai zura sanda a indararo sau biyu a shekara, da yanzu suna tsaye.

A can ƙololuwar tudu rumbun gari yake, agadir, inda kowane gida yake da rabonsa na ajiya, kuma nan ne mafaka ta ƙarshe idan an kawo hari. Girgizar ƙasar daren 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin 6.8, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a tsaunukan Atlas ta kuma rushe masallacin Tinmel na ƙarni na 12, ta taɓa shi sosai. Daga wurin ana ganin kwarin Unila duka, da gonaki, da sabon gari na bulo da siminti.

22 Oktoba 2024

Kwana biyu muna jayayya ta waya. Ɗaya daga cikin abokan aikina tana so a kama zauren taro a wani otal na sabon gari, mai lantarki da majigi da banɗaki, a riƙa ƙetarowa da yamma ana ganin gini. Hujjarta mai ƙarfi ce, ban raina ta ba. Mota ba ta shiga tsohon gari. Duk abin da za a kai, ƙasa ko ruwa ko abinci, sai a kan jaki ko a ka, ta gadar ƙafa da aka gina a 2011. Kafin gadar, kan buhunan yashi ake takawa a haye, idan kogi ya kawo kuwa sai a haƙura.

Ni dai na tsaya a kan cewa in har daga tagar otal za a riƙa hango garin, to gara mu zauna a gida mu kalli hotuna. Yaron da zai koyi ginin ƙasa ya kamata ya wuni a cikinsa, ya ji yadda ɗaki yake riƙe sanyi da azahar, ya ga inda ruwa yake bi, ya ɗauki kwando ya hau lungu ya san nauyin abin da yake zanawa a takarda. Ba na so garin ya zama labulen da za a tsaya a gabansa a ɗauki hoton rufe taro. Ina so a tashi bita an bar rufi ɗaya da ba ya yoyo.

Mun daidaita: kwana a sabon gari, aiki da karatu a cikin ganuwa. Ma'allam ya haɗa ni da wani iyali da suka tashi shekaru da dama, suna da gida mai tsakar gida da za ta ɗauki mutum ashirin a zaune, da ɗaki ɗaya da rufinsa ya zauna, da katangar da ta zube rabi. Za mu biya haya, mu kuma gyara. Da yake wurin yana ƙarƙashin kariyar doka, ba a taɓa bango sai da izini a rubuce, saboda haka na auna komai, na zana, na ɗauki hotuna, muka miƙa takarda da sa hannun mai gida. Kafin amsa ta zo, gwaji za mu yi a wani fili a bakin gona, wajen ganuwa.

5 Nuwamba 2024

Mun tayar da bangon gwaji. Yau na ga aikin da idona daga farko har ƙarshe, kuma na riƙe madaɓi da kaina.

Sunan fasahar luh, kalmar da ta haifi allo namu, wasu kuma su ce tabut, wato akwati. Alluna biyu ne na katako, tsawon kowanne kusan mita 2, tsayi bai kai mita ɗaya ba. Ana shimfiɗa sanduna a gicciye, a ɗora allunan a kai suna fuskantar juna, a kafa wasu sandunan a tsaye daga waje, a ɗaure kawunansu da igiya a murɗa har ta yi tsauri, a toshe bakin da ƙaramin allo. Mutum ɗaya ya shiga ciki, sauran suna miƙo ƙasa a kwando. Ana zuba kamar taƙi ɗaya, a tattake, a bi da madaɓi mai nauyi, gefe-gefe tukuna sannan tsakiya. Da kunne ake sanin ta daɓu: da farko sautin a dushe yake, can sai ya koma tas-tas. In akwati ya cika, nan take ake kwance shi a matsar gaba, bangon ya tsaya da kansa. Sahu na sama ba ya ɗora gaɓarsa a kan gaɓar na ƙasa, sai an goce.

Abin da ya fi ba ni mamaki ƙarancin ruwan. Mu a gida mun saba a jiƙa birji, a zuba ramno, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana ya ruɓa, a sake juyawa, sannan a mulmula tubali a shanya. Nan ƙasar danshi kawai take so. Ma'allam ya damƙi ƙasa ya matse, ta riƙe shatin yatsunsa ba ta jiƙa masa tafi ba, ya sake ta daga daidai ƙugu ta tarwatse. Ya ce haka ake so. In ta faɗi ta zauna dunƙule, ruwa ya yi yawa, bango zai tsage in ya bushe. Ba a sa mata ciyawa, kuma ba a tsince tsakuwa, tsakuwar ce ƙashinta. Da na ga haka sai na gane dalilin da ya sa fasahar ta zauna a ƙasar da ruwa yake da tsada.

Kada wani ya ɗauka ina cewa nasu ya fi namu. Luh miƙaƙƙen bango yake bayarwa, mai kusurwa, da sauri. Tubali kuwa yana lanƙwasa, yana bin hannun magini, shi ya sa muka iya ɗaurin guga da bakan gizo, muka rufe manyan soraye ba ginshiƙi a tsakiya. Na nuna wa ma'allam hoton cikin wani soro na Zariya a waya, ya karɓa ya daɗe yana juya ta, yana tambayar yadda azara take zama a cikin bakan. Na yi masa alkawarin za mu ɗaura ƙaramin baka ɗaya a filin gwaji in yaranmu sun zo. Su ma 'yan nan suna da abin koyo.

Mun yi akwati uku kafin la'asar. Kafaɗuna sun san an yi aiki.

19 Nuwamba 2024

An sami matsala, kuma gara da ta fito yanzu. Na yi gwajin yaɓe kashi huɗu a jikin bangon, ƙasa da yankakken karan sha'ir, kowanne da nasa awo. Biyu daga ciki da ruwan kogi na kwaɓa su, don shi ne kusa. Da suka bushe sai wani farin gari ya fito musu kamar an barbaɗa kanwa, in ka shafa fatar yaɓen ta biyo hannu.

Da dare na kira Baba, maginin da ya koya mini sana'a a Zariya. Bayan gaisuwa na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, "Kai yaro, ka ɗanɗana ruwan kafin ka kwaɓa?" Na ce, "Ban ɗanɗana ba, Baba." Ya ce in je in ɗanɗana, in sake kiransa. Da safe na je. Zartsi ne. Ashe mutanen gari Maleh suke ce wa kogin, wato mai gishiri, kuma can sama wajen Telwet akwai ramukan gishiri da aka daɗe ana haƙa. Gishiri yana narkewa ya bi danshi, in ruwan ya tashi ya bar shi a fatar bango, ya ƙanƙare ya tura ƙasar waje. Ma'allam da ya zo ya gani, ya ce shi bai taɓa kwaɓa yaɓe da wannan ruwan ba. Daga yau ruwan kwaɓi daga famfon sabon gari zai zo, a jarka, a kan jaki. Wannan ya ƙara mana kuɗi, na rubuta wa abokan aiki.

A hanyar dawowa ya tsayar da ni a gindin wata katanga da wani ya shafe da siminti don ya kare ta. Ya ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar ƙwarya. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ya taru a baya ya cinye ƙasar, fuska lafiya lau ciki kuwa rami. Mun san wannan ciwo a Kano da Katsina. Zan kawo yara nan ranar farko, kowa ya ƙwanƙwasa da hannunsa.

Baba ya ce in zo da makuba, wadda muke yi da ɓawon ɗorawa mu shafa wa bango don ta tsare shi daga ruwa. Zan zo da ita, amma a bangon gwaji kaɗai za ta hau. Ba za mu shafa wa gidan mutane abin da kakanninsu ba su san shi ba.

9 Disamba 2024

Sanyi ya sauka. Da asuba ruwan da ya kwana a bokiti yana yin ƙanƙara a sama, kan tsaunuka ya yi fari. Ba a ginin ƙasa a irin wannan lokaci, domin danshin da ke ciki in ya daskare yana fasa bango. Mun ɗage bita daga Janairu zuwa bayan ƙaramar Salla.

Na kwana biyu a Warzazat na ga Kasbar Tawrirt, tsohon gidan iyalan Glawi, waɗanda babbansu Tahami ya yi mulkin Marrakesh har ya rasu a 1956. A cikinta cibiyar CERKAS take, wadda aikinta shi ne kula da gine-ginen ƙasa na wannan yanki, kuma tun 2011 ta yi aikin tsara gyaran kasbar tare da cibiyar Getty ta Amurka. Na fito ina tunanin ranar da za mu ga irin wannan cibiya a cikin tsohon gini a Birnin Damagaram ko kusa da Gidan Makama. Jibi zan tafi gida.

28 Disamba 2024, Zariya

Na zauna da Baba mun tace sunayen masu zuwa. Ya cire mini biyu, ya ce takarda suke so ba aiki ba, ya sa wani yaro da bai yi boko ba amma hannunsa yana da kyau a zanko. Na bi maganarsa.

Da yamma na bi ta babban masallaci. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, kuma duk maginin Hausa da shi yake tinƙaho. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya ji ƙansu. Bayan wata guda girgizar ƙasa ta auka wa Maroko. A wurare biyun na ji magana iri ɗaya daga bakin mutane: ginin ƙasa ya tashi aiki, a koma siminti. Ba na jin haushin mai faɗin haka, wanda ya binne ɗan'uwansa yana da haƙƙin ya ji tsoro. Amsar da magini zai bayar ita ce ya iya duba tsaga ya san wadda ke fata da wadda ta kai ƙashi, ya san yadda ake ɗaure kusurwa da katako, ya kuma iya cewa a fita daga ɗakin nan yau. Na ƙara yini guda a jadawali don wannan kaɗai.

14 Janairu 2025

Na dawo shekaranjiya, na tarar da hutu. Yau sabuwar shekarar Amazigawa ce, Yennayer, shekara ta 2975 a lissafinsu, kuma tun bara ta zama ranar hutu a hukumance. Masu gidan da muka kama suka gayyace ni cin abinci a gidansu na sabon gari. An yi wani fate mai kauri da man shanu a tsakiya, an ɓoye ƙwallon dabino a ciki, yara suna ta tono.

Uwar mai gidan tsohuwa ce tukuf, Lalla ake ce mata don girmamawa. Na tambaye ta, ta bakin jikarta, abin da ya fitar da su daga cikin ganuwa. Ta ce kogi. In ya kawo, yara ba makaranta, mai naƙuda sai a ɗauke ta a kafaɗa a nemi mashigi. Ga ɗaukar ruwa a hau tudu kullum. Ta ce gidan siminti yana gasa su da bazara yana daskarar da su da hunturu, amma famfo yana tsakar gida. Na yi shiru, don ba ni da abin cewa. Mu masu son tsohon gini mun iya kukan gidan da aka bari, amma ba mu ne muka ɗauki tulu ba.

Daga nan hira ta juya inda ban zata ba. Na ce, "Lalla, wa yake gyara rufi a da?" Ta ce maza suna ɗora itace su zuba ƙasa, amma share indararo kafin ruwa, da liƙe 'yar tsaga da zarar ta fito, da shafe ɗaki da daɓe, duk mata ne, ba wanda yake kiransa aiki ma. Na tuna iyayenmu mata da daɓen tsakar gida, da waƙarsu da madaɓansu. Wata uku ina tsara bita a kan magina, na manta da waɗanda suke riƙe gini bayan magini ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na roƙe ta ta zo ta zauna da yara yini ɗaya a tsohon ɗakinta. Ta ce in ƙafa ta bari za ta hau, in ba ta bari ba a kawo jaki.

20 Fabrairu 2025

Izini ya fito, da sharaɗin a yi komai da kayan da aka tarar, kuma a riƙa ɗaukar hoto kafin da bayan kowane mataki. Daidai ne.

Mun kwashe rufin da ya zauna. Daga cikin itatuwa tara, biyar suna da rai, huɗu bakinsu ya zama gari. Tsarin rufin bai yi nisa da namu ba: itace a gicciye, a shimfiɗa karan rafi a kai a jere, a bi da ganye ko ciyawa don ƙasa kada ta zubo, sannan ƙasa mai danshi a daɓe, a ƙare da wadda ta fi laushi, a karkata ta wajen indararo. Indararon dole ya yi tsawo ya tofar da ruwa nesa da gindin bango. A kan katanga kuma suna ɗora kara ya ɗan leƙo waje, a danne da ƙasa, ya zama malfa. Rabin rufin za mu gama yanzu don a sami inuwar ajiye kaya, rabi mu bar wa yara.

Masu yawon buɗe ido suna fara shigowa da hantsi, ƙungiya-ƙungiya, su hau har rumbu su sauko, yawancinsu ba sa kai awa biyu. Tun shekarun 1960 ake ɗaukar manyan finafinan Turai da Amurka a nan, kuma mutanen gari da dama sun ci abinci ta wannan hanya. Lungun da ake bi cike yake da shaguna, da masu zane da ruwan shayi da za'afaran waɗanda suke gasa takarda a wuta hoto ya fito. Kuɗin nan shi ya hana garin zama kufai, ban musa ba. Amma fuskar da kyamara take gani ita ake shafawa, bayan gida kuwa sai Allah. Gidanmu a baya yake, na kuma ji daɗin haka. Mun yanke cewa ƙofa za ta zauna a buɗe lokacin bita, wanda ya leƙo ya ga ana aiki, amma za a ɗaura igiya a bakin tsakar gida saboda masu miƙa kwando.

12 Maris 2025

Azumi ya haura goma. Muna fara aiki bayan asuba mu tashi kafin azahar. Buɗe-baki da dabino da miyar harira. Bayan magariba ana karanta izu ɗaya a masallaci baki ɗaya, da ruwayar Warshu, irin wadda muka tashi da ita a makarantar allo. Daren farko da na ji, na rufe ido na bi su ba tare da na duba takarda ba. Yaranmu ba za su yi baƙunta a sahu ba.

Abin da ya tsaya mana yanzu kara ne. Shekaru ana fari a ƙasar nan, dabbobi sun ragu har a ƙarshen watan jiya Sarki Muhammad na shida ya nemi jama'a su haƙura da layya a bana. Karan sha'ir da muke so mu zuba a yaɓe shi ne abincin tumaki, mai shi ba zai sayar da arha ba, kuma ba na ganin laifinsa. Mun samu rabin abin da muke bukata daga wani ƙauye a sama da kwari.

An yi ruwa kwana biyu da suka wuce. Na haye da sassafe na hau rufi. Rabin da muka gama bai ɗiga ba, indararo ya yi aikinsa. A bangon gwaji, yaɓen da aka kwaɓa da ruwan famfo aka bar shi kwana biyar ya ruɓa shi ne ya fi tsayawa. Wanda na shafa wa makuba ya yi duhu ya yi sheƙi, ruwa ya zame a kansa, ma'allam ya kankare shi da farce yana jinjina kai.

3 Afrilu 2025

An yi Salla ranar Litinin. Masu zuwa goma sha shida ne, shida mata. Na gida za su sauka Kasablanka ranar 19 ga wata, su kwana Marrakesh, su hawo.

Ƙasa tana jibge a bakin gada, an rufe ta da buhuna kada ta bushe. Alluna biyu sun zo daga wurin kafinta, igiya ce ba ta iso ba. Mai jaki ya yarda da sawu shida a rana, ban da Juma'a. Lalla ta aiko a tambaye ni ko ɗakin da za ta zauna shi ne mai taga wajen kogi, na ce shi ne. Katangar da ta zube ban taɓa ta ba, ko dutse ɗaya ban ɗaga ba, ina so yara su same ta yadda na same ta, su faɗa mini abin da ya kayar da ita kafin kowa ya ɗauki kwando. Har yanzu da sauran kara dami takwas da ba mu samu ba, jikan ma'allam zai tafi Telwet ranar kasuwa ya duba. Gobe da safe za mu haƙa ramin kwaɓi a kusurwar tsakar gida.